Wasiƙar Akawun Fagge: Wa Ya Fi Gudu Da Ƙwallo A Arewa?

Zuwa ga Edita,

 Ina roƙo ka sake ba ni ɗan filin nan da ka saba ba ni a jaridarka mai farin jini, domin in sauke wani kaya da aka ɗora mini ba da sona ba. Masu karatu sun san irin abin da na kan kawo musu a nan, watau zancen tsadar hatsi, da kwatamin unguwa, da halin masu gidan haya. Yau kuwa zancen tamaula ne, wadda yanzu kowa ke kira ƙwallo. Kada dattawa su ce Akawu ya koma yaro. Duk wanda ya ga yadda gardamar nan ta kusa raba mutanen da suka shekara goma suna shan shayi a benci guda, ya san ba ƙaramar magana ba ce.

Ga yadda abin ya faru. A ƙofar wani shagon ɗinki a nan Fagge akwai mai shayi, inda mu ke taruwa bayan isha'i. Mai shagon dattijo ne, ya kusa tamanin, tun yana yaro kuwa ya ke zuwa kallon ƙwallo a filin Sabon Gari. Baba mu ke ce masa dukanmu. Akwai kuma wani abokina mai sayar da kayan gyaran mota a Sabon Gari, wanda muka yi makarantar mishan tare, kullum ya rufe shago sai ya tsallako wurinmu. Sauran 'yan bencin samari ne, masu koyon ɗinki da yaran shagunan Kantin Kwari.

Ran nan sai abokin nan nawa ya zo da wani labari da ƙanensa mazaunin Amurka ya ba shi. Ya ce mutanen can suna da wata irin ƙwallo tasu dabam, mai siffar gwanda, wadda a hannu a ke ɗaukarta. A cikin 'yan wasan akwai wanda aikinsa ke nan a miƙa masa ita ya rungume, ya kutsa cikin abokan karawa da gudu, su kuwa suna neman su kayar da shi. Duk abin da ya ci gaba sai an auna shi da yadi an rubuta. Ya ce har gobe suna gardamar wanda ya fi kowa a wannan aiki. Waɗansu su ce Emmitt Smith ne, domin ya tara yadi 18,355 cikin shekara 15. Waɗansu su ce a'a, Jim Brown ne, wanda ya yi wasa daga 1957 zuwa 1965, yadinsa 12,312 kaɗai, amma cikin shekarun nan tara sau takwas yana fin kowa. Ya ƙara da cewa har wani ɗan Inugu, Christian Okoye, ya taɓa fin kowa a can cikin 1989, da yadi 1,480.

Baba ya ɗaga kai daga kan keke, ya ce, "Yadi dubu goma sha takwas! Ai wannan ya isa a yi wa Fagge duka kayan Salla, har a aika wa Sabon Gari da saura." Muka yi dariya. Da dariya ta lafa sai ya ce, "To, mu fa? A tamu ƙwallon ta ƙafa, wa ya fi iya ɗaukarta ya ruga da ita a nan Arewa?"

Af! Magana zarar bunu. Kafin mai shayi ya sauke tukunya, benci ya rabu uku. Samari suka ce Ahmed Musa, ba su yarda a ko ambaci wani ba. Abokina ya ce Rashidi Yekini. Baba ya ce dukanmu yara ne, ba mu ga Sam Garba ba. Murya ta yi sama, har wani saurayi ya ce wa abokina, "Kai me ya kawo bakinka? Ana zancen 'yan Arewa kana kawo mana Bayarabe." Abokina bai ce kome ba, ya biya kuɗin shayinsa ya tashi, kwana uku ba mu gan shi ba.

A dare na huɗu Baba ya aika aka kira shi, ya sa yaron ya ba shi haƙuri, sa'an nan ya dube ni ya ce, "Malam Akawu, kai ne mai lissafi. Na ba ka kwana bakwai, ka jero mana su daga na biyar zuwa na fari, ka kuma faɗi mudun da ka auna da shi." Abin da na karanta musu ke nan na ke so in maimaita a nan, domin wanda ya ga kuskure ya gyara mini.

Da fari sai da na warware maganar wane ne ɗan Arewa, gama ita ce ta kawo ɓacin rai. Jirgin ƙasa ya iso Kano cikin 1911, ba a daɗe ba kuma aka yanka Sabon Gari domin akawuna da ma'aikatan reluwe da 'yan kasuwa da suka biyo shi daga Kudu. Yau shekara ɗari da 'yan kai ke nan. Uban abokin nan nawa a Sabon Gari aka haife shi, shi ma a nan aka yanke masa cibi, Hausarsa kuwa ta fi ta yaron da ya gaya masa magana nuna. Haka abin ya ke a Kaduna da Jos da Zariya. Filayen da yaranmu suka koyi ƙwallo, da makarantu da kamfanonin da suka fara kafa ƙungiyoyi, tare aka cuɗu a cikinsu, ɗan birni da ɗan Fagge da ɗan Sabon Gari. Saboda haka na ce duk wanda aka haifa a ƙasar nan, ko ya tashi a cikinta, ƙafarsa ta saba da turɓayarta, namu ne. Wanda bai yarda da haka ba, sai ya san ya zubar da fiye da rabin abin da za mu yi alfahari da shi.

Na biyu, na keɓe magana ga 'yan gaba da 'yan gefe, watau masu kai ƙwallo gidan abokan karawa. Don haka kada mutanen Kaduna su ce na manta da Garba Lawal, ko mutanen Kano su ce na manta da Sani Kaita. 'Yan tsakiya ne, ranarsu dabam.

Mudun awona kuwa uku ne. Na ɗaya, abin da mutum ya ci aka rubuta. Na biyu, ranar da ya ci shi, domin ƙwallon da aka ci bayan an riga an yi wa abokan karawa huɗu ba ɗaya ta ke da wadda aka ci lokacin da jama'a suka ɗora hannu a ka ba. Na uku, daɗewa. A ofis mun san bambancin akawun da ya yi wata guda ba kuskure da wanda ya yi shekara goma littafinsa na daidaita.

NA BIYAR, Sam Garba Okoye, mutumin Jos. Shi ne tauraron Mighty Jets, ƙungiyar da ta ɗauki gasar ƙasa ta fari cikin 1972. Yana cikin 'yan Nijeriya da suka je wasannin Olimfik a Meziko cikin 1968, inda aka tashi 3 da 3 da Birazil. Abin da dattawa ba su mantawa shi ne wasan ƙarshe na kofin ƙalubale na 1972 a Ikko. Bendel Insurance ta riga ta zura biyu, lokaci ya kusa ƙarewa, sai Sam Garba ya farke su duka biyun. Da aka sake karawa a Badun, Bendel ta ci 3 da 2, amma har yau in an tuna kofin nan sunansa a ke fara ambata. Ya rasu cikin haɗarin mota a 1978. Baba ya ce in ya ɗauki ƙwallo ya karkata kafaɗa, sai ka ga 'yan baya biyu sun tafi inda ba ya. Ni ban gan shi ba, ba a ko haife ni ba. Zan komo kansa a ƙarshe.

NA HUƊU, Tijjani Babangida, haifaffen Kaduna cikin 1973. In gudu kaɗai a ke aunawa, to, wannan ɗan gajeren mutum ba shi da na biyu a zamaninsa. Daga Niger Tornadoes ta Minna ya tafi Holan, ya yi Roda, sa'an nan Ajax ta saye shi cikin 1996, ya ɗauki gasar ƙasar da ita a 1998. Yana cikin waɗanda suka ciwo zinariya a Olimfik na 1996. Babbar ranarsa ita ce wasan kusa da na ƙarshe na kofin Afirka a Ikko cikin 2000, inda ya zura wa Afirka ta Kudu biyu, ta farin tun mutane ba su gama zama ba. Shi ne kuma ya ci mana ƙwallo ɗayan nan da muka samu ranar da Danmak ta yi mana 4 da 1 a Faransa cikin 1998. Abin da ya hana shi hawa sama shi ne, shekarun ƙarfinsa sun haɗu da na Finidi George, wanda ke riƙe da gefen dama, don haka sau da yawa daga benci ya ke tasowa. Wannan ba laifinsa ba ne, amma littafi ba ya rubuta abin da mutum zai yi da an sa shi.

NA UKU, Daniel Amokachi, shi ma ɗan Kaduna, haihuwar 1972. Bijimi a ke masa kirari, kuma sunan ya dace, domin shi ne ya fi kama da mutanen nan na Amurka da abokina ya ba mu labari. Ba ya kewaya ɗan baya in yana iya bi ta kansa. Daga Ranchers Bees ya fito, yana ɗan shekara 17 aka tafi da shi kofin Afirka na 1990, sa'an nan ya tafi Club Brugge ta Beljiyam. A mudu na biyu, watau cin ƙwallo ranar da a ke bukata, da wuya a sami wanda ya fi shi. A kofin duniya na 1994 ya ci Bulgariya, ya kuma ci Girka da wata ƙwallo da ya ɗauko tun daga tsakiyar fili, ya ratsa mutane, ya sake ta daga nesa. Cikin 1995 ya zura wa Tottenham biyu ya kai Everton wasan ƙarshe na kofin Ingila, suka kuwa ɗauka. A wasan ƙarshe na Olimfik na 1996, Ajantina na gaba da 2 da 1, shi ya farke, kafin Emmanuel Amuneke ya ci ta uku. Ciwon gwiwa ne ya karya shi tun bai kai talatin ba. A mudu na uku ke nan ya gaza, shi ya sa na bar shi a nan.

NA BIYU, Ahmed Musa. Da na faɗi haka samari suka miƙe tsaye, sai da Baba ya buga almakashi a tebur suka zauna. Ku saurara, 'yan'uwa, ba ƙinsa na ke yi ba. Ina cikin waɗanda suka gan shi da idonsu a kakar 2009 zuwa 2010, yana yaro siriri da aka kawo Kano Pillars daga Jos, inda aka haife shi cikin 1992. Ƙwallo 18 ya ci a kakar nan, ya wuce 17 da Ishaya Jatau ya ajiye tun 1990. Daga nan ya tafi Holan, ya wuce CSKA ta Mosko ya ɗauki gasar Rasha sau uku, ya je Leicester ta Ingila cikin 2016. Yana cikin waɗanda suka ɗauko kofin Afirka na 2013, har ya ci Mali a wasan kusa da na ƙarshe. A kofin duniya na 2014 ya zura wa Ajantina biyu ranar da Messi ma ya ci biyu, a na 2018 kuma ya zura wa Aisilan biyu. Ta biyun nan ta Aisilan ita ce ainihin abin da Baba ya tambaya, gama ya karɓi ƙwallo a gefen hagu, ya bar ɗan baya a bayansa, ya yanke gola, ya tsaya ya zaɓi inda zai saka ta. Huɗu ke nan a kofin duniya, ba ɗan Nijeriya da ya riga shi yin haka. Ya buga wa ƙasa wasa fiye da ɗari. Bayan wannan duka bai raina gida ba, ya komo Pillars a 2021, ya sake komowa a 2024, har aka naɗa shi babban manajanta cikin 2025. Wannan halin kirki ne, Allah ya saka masa. Amma ƙwallayen da ya ci wa Nijeriya duka ba su kai ashirin ba, zamansa na Ingila kuma bai yi albarka ba. Gaskiya ɗaci gare ta.

NA FARI, Rashidi Yekini. An haife shi a Kaduna cikin 1963, a ƙungiyar masaƙar UNTL ta Kaduna ya fara, kafin ya tafi Shooting Stars ta Badun, da Abiola Babes, da Africa Sports ta Abijan, da Setubal ta Fotugal, inda ya fi kowa cin ƙwallo a gasar ƙasar a kakar 1993 zuwa 1994, da guda 21. A mudu na ɗaya, ƙwallo 37 ya ci wa Nijeriya, aka kuma shekara ashirin da biyar bayan ya daina ba wanda ya kai shi. A mudu na biyu, shi ya fi kowa ci a kofin Afirka na 1992 da na 1994, wanda muka ɗauko a Tunisiya. Shi ne ɗan Nijeriya na fari da hukumar ƙwallon Afirka ta zaɓa gwarzon shekara, cikin 1993. A mudu na uku, ya fi shekara goma sha uku yana sa rigar ƙasa. Shi ne kuma ya ci mana ƙwallonmu ta fari a kofin duniya, ran 21 ga Yuni 1994, da Bulgariya, sa'ad da Finidi ya miƙo masa ita ya tura raga, ya bi ta ciki ya kama ragar yana kuka. Ina ɗan yaro a lokacin. Da tsakar dare aka yi wasan, ihun unguwa ne ya tashe ni daga barci, na fito na tarar da manya suna tsalle a gaban talabijin ɗin maƙwabcinmu. A daren nan ban ji wanda ya tambayi ƙabilarsa ba, daga Fagge har Sabon Gari.

Wani saurayi ya ce, "Yaya, ai gudu aka tambaya, kuma Ahmed ya fi shi gudu." Na ce haka ne, Tijjani ma ya fi shi. Amma jakin da ya fi sauri ba shi a ke yabo ba, sai wanda ya kai kaya kasuwa. Yekini in an jefa masa ƙwallo bayan 'yan baya ya bi ta da wannan ƙirar tasa, ɗan baya ya riƙe riga ya ja shi, gola ya fito, duk da haka sai an ɗauko ta a raga. Kuma ya yi ta yin haka shekara da shekaru, a ƙasa uku dabam dabam. Ahmed ya fi shi a kofin duniya, huɗu da ɗaya, wannan na rubuta masa. A sauran shafuffukan kuwa Yekini ne a gaba. Ya rasu a Badun ran 4 ga Mayu 2012, cikin kaɗaici, bai kai hamsin ba. Allah ya jiƙansa. Mu da muka yi ihun daren nan, kaɗan ne cikinmu suka tambayi halin da ya ke ciki.

Na san mutanen Kano za su ce ina Rabi'u Ali, wanda a ke kira Pele? Ban sa shi cikin jerin ba domin shi mai rarraba ƙwallo ne da bugun tazara, ba mai tsere ba. Amma in mudu na uku kaɗai a ke bi, duk ya fi su. Da shi Pillars ta ɗauki gasar ƙasa sau uku a jere, 2012 da 2013 da 2014, da shi ta ɗauki kofin ƙalubale a Kaduna cikin 2019. Yana cikin 'yan wasan gida da Maroko ta yi wa uku kafin hutu a Afirka ta Kudu cikin 2014, suka komo suka ci 4 da 3, ɗaya daga ciki tasa ce. Ya haura shekara arba'in yana sa rigar Masu Gida. Sauran sun tafi sun komo, ko sun tafi ba su komo ba, shi kuwa a nan muka tsufa da shi. Na ajiye masa kujera dabam a zaure, wadda ba a jera ta da ta baƙi.

Da na gama karatu sai wuri ya yi tsit. Abokina bai yi murna a fili ba, don kada ya tada tsohon ciwo. Samari suna gunaguni. Baba kuwa ya daɗe yana zare zare daga allura, sa'an nan ya ce, "Ɗana, lissafinka daidai ne. Amma da littafi mai yagaggun shafuffuka ka yi shi. Ka sa Sam Garba na biyar don abin da aka rubuta masa kaɗan ne. Waɗannan huɗun talabijin ya gan su. Shi kuwa mu muka gan shi, mu ko muna ƙarewa."

Wallahi maganar nan ta hana ni barci, domin gaskiya ya faɗa. Mutanen Amurka suna iya gardama a kan Jim Brown shekara sittin bayan ya bar wasa, saboda akwai wanda ya zauna da alƙalami ya rubuta kowane yadi. Mai cewa Smith da mai cewa Brown duk littafi guda su ke buɗewa, bambancinsu a wajen fassara ne kawai. Mu fa? Kano ta ɗauko kofin ƙalubale cikin 1953, ta doke Dynamos ta Ikko da 2 da 1. Na tambayi samarin bencin nan su faɗi sunan mutum guda da ya buga wasan, ba wanda ya iya. Raccah Rovers ta Kano ta ɗauki gasar ƙasa cikin 1978, a shekarar ne kuma ta kara da Fluminense ta Birazil a Kaduna, Pele na ainihi yana cikin fili. Da yawa cikin yaran nan ba su taɓa jin sunan Raccah ba. Ko Pillars ɗin da su ke rantsuwa da ita, kaɗan ne suka san cikin 1990 aka kafa ta, da aka haɗa WRECA da Golden Stars da Bank of the North, ko kuwa cewa ta fitar da Al Ahly ta Masar cikin 2009 har ta kai wasan kusa da na ƙarshe na zakarun Afirka. Amma tambaye su wanda ya ci wa Arsenal ko Barcelona shekara goma da suka wuce, su gaya maka har da mintin.

Ku duba 'yan dambe. Shago ya daɗe da barin duniya, amma ba Bahaushen da bai san sunansa ba, domin ya sami Ɗan Anace ya yi masa waƙa. Ɗan dambe yana da makaɗi, ɗan ƙwallon Turai yana da akawu. Ɗan ƙwallonmu na da kuwa ba makaɗi ba akawu, sai bakin dattawa irin su Baba, in sun tafi kuwa sun tafi da shi. Shi ya sa duk jerin da ɗan zamanina zai yi, dole ya karkata wajen waɗanda aka ɗauki hotonsu. Nawa ma ya karkata, na kuwa amsa.

Saboda haka ina da roƙo biyu. Na fari ga shugabannin ƙungiyoyinmu, manya da na unguwa. Kowace ƙungiya ta sami mutum guda mai kyan rubutu, a ba shi littafi mai bango, ya riƙa rubuta ranar wasa, da sunayen waɗanda suka buga, da wanda ya ci, da wanda ya ba shi. Kuɗin littafin bai kai na takalmi ƙafa guda ba. In kaka ta ƙare a kai kwafi ɗakin karatu a ajiye. Na biyu ga dattawan da suka ga wasan da, a Kano ko Jos ko Kaduna ko Zariya, na birni da na Sabon Gari. Don Allah ku rubuto wa jaridar nan abin da idonku ya gani, da shekara, da fili, da sunan ƙungiya. Wanda hannunsa ke rawa ya sa jikansa ya rubuta masa. Wanda ke da tsohon hoto a ƙarƙashin akwati ya fito da shi tun gara ba ta riga mu ba.

Ni dai na riga na fara. Na sayi littafi a kasuwar Sabon Gari, kowace Asabar da la'asar ina zama wurin Baba yana faɗa ina rubutawa. Abokina ya ɗauki nauyin kai ni wurin waɗansu tsofaffi biyu a unguwarsu da suka yi wasa a zamanin Raccah. Yaron nan da ya gaya masa magana shi ne yanzu ke riƙe mana waya yana ɗaukar murya, don ya fi mu iya ta. Har yanzu dai bai yarda Yekini ya fi Ahmed Musa ba, ni ma ban tilasta shi ba. Na ce masa ya kawo nasa mudun, ya jero nasa biyar ɗin, in Edita ya yarda a buga masa a wannan shafi kamar yadda aka buga mini.

In littafin ya cika, na kuma ga abin da zai sa in ɗaga Sam Garba ko wani nasa daga inda na ajiye shi, zan komo nan in faɗa da bakina, ba kunya. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu koma zancen kwatami, domin damina ta matso.

Haza wasalam.

Naka,
Akawun Fagge, Kano.